Ranar da Aka Zaɓi Gaje

Garinmu ya daina yin irin ƙarar da na taso na sani. A da, tun rana ba ta gama fitowa ba, abin da ke tashin mutum shi ne sautin taɓarya daga gida zuwa gida, wannan ta buga waccan ta amsa, har kana iya gane wadda ke daka ba tare da ka gan ta ba. Ga guga tana gogar bakin rijiya, ga jakuna da aka ɗora wa mangalar taki za a yi gona da su, ga yaran unguwa a zauren Baba kowa yana jan karatunsa da iyakar muryarsa. Gonakinmu a manne suke da juna, babu daji tsakanin wannan ƙauye da wancan sai gambar da aka dasa a kan iyaka, saboda haka in aka rangaɗa guɗa a ƙauyen gaba, a tsakar gidanmu ake tambayar wa ta haihu. Yanzu injin niƙa ne da babura, sai kowa da abin da ya toshe kunnensa da shi. Ba na cewa da ta fi yanzu a komai, don kafaɗuna sun gode wa injin niƙa. Amma akwai abin da ya tafi, kuma tun da damunar nan ta wuce nake jin tafiyarsa fiye da kullum.

A wancan zamanin muka tashi ni da Gaje. 'Yar goggona ce, wato taubashiyata, wadda al'ada ta ba ni damar in gaya mata duk maganar da na ga dama ta rama, ba mai shiga tsakaninmu. Mahaifiyarta ta rasu tana 'yar ƙarama, sai Baba ya ɗauko ta ya damƙa wa Inna, Inna kuwa ta haɗa mu tabarma ɗaya da akushi ɗaya. Na girme ta da 'yan watanni, kuma ban taɓa barin ta manta da hakan ba. Tare muke zuwa ɗiban ruwa, tare muke tsinkar zogale da yakuwa, tare muke kai abinci gona mu dawo da ɗaurin harawa a ka. Amma duk wanda ya san gidan Malam a lokacin, in ka ce masa yarinyar nan mai abin dariya, ba zai tambaye ka wacce ba. Ni ce.

Allah ya ba ni kwaikwayo. In na ga mutum sau ɗaya na ji maganarsa, to na ɗauke shi ke nan. Lokacin kaka, in mata suka taru a gidanmu ɓarar gyaɗa, aiki ba ya tafiya sai an ce, “Azumi, tashi ki yi mana Iya mai koko.” Sai in tanƙware baya, in kama ƙugu, in yi 'yar tarin nan tata kafin in ce, “Ni jikar mutum huɗu, wa ya taɓa min ludayi?” Mata su yi ta faɗuwa a kan ɓawon gyaɗa. Daga nan in naɗa zanen Inna a ka in zama dagaci yana rabon gona, ko in zama malamin duba-gari yana leƙa randa yana yamutsa fuska. Inna takan share hawayen dariya ta ce, “Ke dai bakinki kullum yana riga ƙafarki isa wuri.” Gaje kuwa ba ta da magana. In ina bukatar amarya mai lulluɓi wadda ba za ta ce komai ba, ita nake zaunarwa. In ina bukatar mai riƙe min sanda, ita ce. Ba ta taɓa ƙi ba, kuma ni ban taɓa tsayawa na dubi fuskarta ba.

Wata shekara bayan an gama girbi, sai ga wata farar mota ta shigo gari tana layi a cikin rairayi. Mutanen gidan talabijin ne daga Kano. A duk garin a lokacin akwatin talabijin ɗaya ne, na dagaci, wanda ake kunnawa da batirin mota. Suka ce wasan kwaikwayo za su ɗauka don wayar da kan manoma a kan ajiyar hatsi. Sun zo da 'yan wasansu, sai dai suna neman yarinyar ƙauye ɗaya da za ta kai wa ubanta fura gona, ta gaya masa ƙwari sun cinye abin da ke cikin rumbu. Dagaci bai ko yi shawara ba ya aiko gidanmu. Baba ya so ya ƙi, amma da aka ce masa maganar noma ce, kuma a gaban kowa za a yi da rana tsaka, sai ya ce Allah ya sa a amfana.

Na sa kayan sallata. Na rambaɗa kwalli, na ari 'yan kunnen Inna, na shafa man gyaɗa har goshina yana ƙyalli. Gaje ta biyo ni a baya da tsohon zaninta, tana ɗauke min da ƙwaryar furar da faifan da aka rufe ta da shi. A gonar da ke bayan makarantar firamare aka kafa abin ɗaukar hoton a kan ƙafafu uku, gari kuwa ya fito kaf, har da mutanen ƙauyukan gefe. Shugaban masu ɗaukar, wanda suke kira darakta, wani dogo ne mai tabarau a rataye a wuya. Ya gaya min abin da zan faɗa, ya ce in an ɗaga hannu in taho.

Aka ɗaga hannu. Na taho da gudu, na dire ƙwarya, na ɗora hannu biyu a ka na kurma ihu, “Wayyo Baba, mun shiga uku, mun lalace!” Na faɗi na yi birgima a cikin karan dawa. Jama'a suka kwashe da dariya, ni kuwa na ji kaina ya yi girma.

Darakta ya ce, “Yarinya, ba dariya muke nema ba. Abincin shekara ne ya tafi. Sake, a hankali.”

Na sake. Na yi niyyar yin a hankalin, Allah ya sani, amma da na hango matan unguwarmu suna jira da bakinsu a buɗe, sai jikina ya ƙi. Na murguɗa baki, na juya ido, aka sake fashewa. Na uku ma haka. Mutumin ya cire hula ya sosa kai, ya juya yana duban jama'a, sai idonsa ya tsaya a bayana.

“Ke mai riƙe da faifai, zo nan. Kin ji abin da ake so a faɗa?”

Gaje ta gyaɗa kai. Aka karɓi ƙwaryar daga hannuna aka ɗora mata. Ta taho a hankali, ƙafafunta duk ƙura, ta durƙusa gaban mutumin da ke matsayin uban, ta ajiye furar. Ba ta ce komai ba, har na fara jin daɗi ina cewa ta manta. Ta ɗauki wani ɗan kara tana jan layi a ƙasa. Can ta ce, “Baba, na buɗe rumbu.” Ta ajiye karan. Sannan ta ɗago ido ta dube shi. “Babu komai a ciki sai gari.”

Ban taɓa jin taron garinmu ya yi tsit irin na ranar ba. Wata tsohuwa a kusa da ni ta fara salati tana share ido da gefen mayafi, don duk wanda ke wurin ya san mene ne buɗe rumbu a tarar da gari. Shi kansa ɗan wasan da ya zo daga birni sai da aka tuna masa abin da zai ce. Ni kuwa ina tsaye a gefe da kayan salla da 'yan kunnen aro, an miƙo min faifan in riƙe.

A hanyar gida ta ce min, “Azumi, wallahi ban san me na yi ba. Kawai na tuna ranar da aka aike ni gona in kira Babana, lokacin da Innata ta cika.”

Na ce, “To ai dama gunki suke nema, sun kuwa samu.” Ta yi dariya, don ta ɗauka wasan taubasai ne. Ni na san ba wasa nake ba.

Daga nan hanya ta rabu, ko da yake ba a ranar muka gane ba. Ni na ci jarrabawa na tafi makarantar horon malamai a Bici, na dawo na kama koyarwa a firamaren garinmu, na auri malami ɗan'uwana wanda yake haɗawa da noma. Gaje ba ta yi nisa a boko ba. Wani direba ɗan Kano da ke zuwa ɗaukar gyaɗa ya gan ta, ta gan shi, aka yi aure ya kai ta Rijiyar Zaki, lokacin unguwar duk gonaki ce. Ashe daraktan nan bai manta da ita ba. Ya yi ta cigiya har ya samo gidan, mijin kuma ya amince. Sai muka fara ganinta a akwatin dagaci, yau ita ce 'yar aiki, gobe ita ce matar mai gari. Da mijin ya rasu a hatsarin mota ya bar ta da 'ya ɗaya, wasan ya zama shi ne cinta da shanta. Zamanin kaset na bidiyo ya zo ta shiga fim, zamanin faifai ya zo ya same ta a ciki, tun tana fitowa a budurwa har ta koma uwa, ta koma suruka, ta koma kaka.

Shekarun farko sun yi min sauƙi, don a lokacin ba a ganin 'yar wasa da mutunci. In aka yi wa'azi a kan lalacewar zamani, kowa a garin ya san gidan da ake nufi. Mata sukan zo su zauna a ɗakina su ce, “Malama, ke dai Allah ya yi miki gyaɗar dogo. Dubi 'yar'uwarki, mace ba miji tana yawo cikin maza.” Nakan ce, “A'a, ku bari, sana'a ce kamar kowace,” amma in suka tafi sai in ji abinci ya fi shiga. Akwai lokacin da ta fito a muguwar suruka, ta iya abin har wata mata ta jefe ta da ruɓaɓɓen tumatir a kasuwar Zakirai. Da labarin ya iso ni na yi Allah wadai a baki. A zuci kuwa abin da na ji shi ne, ko tsanarta ma da aka yi, don ta iya ne.

Sai zamani ya juya ban ankara ba. 'Ya'yan masu zaginta suka girma da fuskarta a gabansu. Aka daina cewa 'yar wasa, aka koma cewa Hajiya. Ta je Makka ta dawo da haƙorin zinare, ta sake komawa. Aka gayyace ta ƙasashen da ni a taswirar bangon aji kawai na san su, ina nuna wa yara da tsinke. In gwamnati na son mata su kai yara rigakafi, ita ake sawa ta faɗa, kuma su kai. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina faɗin abu ɗaya a gaban allo har maƙogwarona ya dushe, ba a taɓa ji na kamar yadda ake jin ta ba. Wata rana na je asibiti a Kano da ciwon gwiwa, na tarar ashe likitan nan yaro ne da na koya wa baƙi da wasali da hannuna. Na faɗi sunana, na faɗi garinmu, ya yi ta kallona yana murmushin rashin ganewa. Sai 'yata da ta raka ni ta ce, “Ai yayar Hajiya ce ta fim.” Nan take ya miƙe tsaye, ya sa aka kawo min kujera mai taushi. Na zauna a kai, amma da a ƙasa ya bar ni da ya fi min.

Takan zo gida lokaci-lokaci, gaisuwar mutuwa ko suna, ba ta taɓa yanke zumunci ba, kuma hakan ma haushi yake ba ni, don da ta yi girman kai da na sami abin riƙewa. Zuwanta na ƙarshe a farkon damunar da ta wuce ne. Mijina ya riga ya rasu, ni kuma na daɗe da barin aiki, na gaji Inna a wankan gawar mata a unguwarmu. Motar ta tsaya a ƙofar gida, yara suka yanyame ta. Da ta samu ta shigo ɗakina ta saki labule, sai na ga yadda ta zube a kan tabarma tana haki. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya yi musu shaida. Ciwon ƙoda ne, in ji ta, kuma likitoci sun daina ɓoye mata komai.

Na dama mata fura, ta kurɓi kaɗan ta ajiye. Muka yi hirar mutanen da, waɗanda yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa. Sai na kasa haƙuri na ce, “Gaje, tsohuwar nan da kike yi a shirin da ake nunawa yanzu, mai tari kafin ta yi magana. Ai Iya mai koko ce.”

Ta yi dariya har tarin gaske ya kama ta. “Ba Iya ba ce, ke ce. Ni ina na iya kallon mutane? Ke nake kallo kina yin su. Duk tsohuwar da na taɓa yi a fim, daga tsakar gidan nan na ɗauke ta.”

Na san alheri take nufi. Amma ji na yi kamar an ce min gonar da ake ta yabon amfaninta, da irina aka shuka ta.

Akwai tambayar da na daɗe ina ajiye da ita, na ga in ban yi ranar ba, ba zan sake samun dama ba. Na ce, “Tsakaninki da Allah, ba ki taɓa yin nadama ba? Da kin zauna kamar kowa, da ɗakinki da jikokinki?”

Na gyara zama ina jiran ta ce ni ce na dace. Shekara da shekaru nake jiran wannan kalmar daga bakinta.

Ta dubi rufin ɗaki. Ta ce, “Na sha wuya, Azumi. An zage ni, an hana ni hayar gida, akwai wanda ya fasa auren 'yata saboda ni. Amma ba zan yi miki ƙarya ina bakin kabari ba. Na ji daɗin aikina. In aka ce a fara, kowa ya yi shiru, ya zama saura ni kaɗai, wallahi babu abin da na taɓa ɗanɗana mai daɗin wannan. Da za a dawo da ni, shi zan sake yi.”

Na tashi na ce bari in duba awaki, alhali na san a ɗaure suke.

Da na dawo ta kama hannuna ta ce, “Abin da ya kawo ni ke nan. In ta Allah ta kasance, nan nake so a kawo ni, kusa da Innata. Kuma ke za ki wanke ni. Ba na son hannun da zai fita ya ba da labarin abin da ya gani.”

Na ce, “Ji min yarinya. Ni ce babba, ni zan riga ki.”

Ta ce, “Ke kullum so kike ki riga ni, ba kya samu.”

Muka yi dariya mu biyu, ni tawa har da hawaye, kuma har yau ban san na mene ne ba.

Ana cikin yankan gero aka kawo ta. Ni da 'yarta muka shiga ɗakin muka saki labule. Na wanke mata da yawa a garin nan, na san jikin macen ƙauye, na san kantar taɓarya a tafin hannu da faso a dunduniya. Hannun Gaje laushi gare shi kamar na jariri. Amma da na zo gwiwoyinta da goshinta sai na ga tabon salla, baƙi ƙirin, wanda hoda ke rufewa a fim. Na tuna duk abin da aka faɗa a kanta a ɗakin nan ina zaune ina ji. Na yi mata wanka yadda Inna ta koya min, a hankali, ban bar ko'ina ba, na sa mata turare, na naɗe ta. Fuskarta ba ta canja ba. Na daɗe ina kallonta kafin in rufe, don a duk zamanmu ban taɓa yi mata kallon tsanaki irin wannan ba.

Da maza suka ɗauke ta, na taka turmi na leƙa ta saman katanga. Motoci sun cika gonakin da aka girbe har bakin titi. Sahu ya tashi daga ƙofar masallaci ya bi ta filin makaranta ya wuce inda idona ke iya gani. Mutanen da ba su taɓa jin sunan garinmu ba sun zo, wasu daga wata ƙasa, manyan maza suna kuka kamar uwarsu ce. Da liman ya yi kabbara, amsawar ta zo kamar tsawa daga nesa. Ni kuwa, da ruwan wankanta bai bushe a hannuna ba, abin da ya faɗo min a rai shi ne, ranar tawa sahu nawa za a yi? Na yi istigfari na sauko. Ya sake dawowa, na sake yin istigfari.

Bayan an share makoki, wata safiya na fito da tsintsiya zan share tsakar gida. Jikata Safiya tana wanke-wanke a bakin rariya, ta jingina wayarta da bokiti. Sai kawai na ji Gaje. Tana yi wa wani ɗanta na fim faɗa a kan ya dawo gida bai gaishe ta ba, faɗan ya ƙare da dariya, irin dariyarta ta ainihi da take yi da ka a sunkuye. Kaji suna ta kiwo a gefen wayar ba abin da ya dame su. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na ga ashe haka za ta yi ta yi ke nan. Za ta yi faɗa, ta yi dariya a tsakar gidan nan, a gaban 'ya'yan Safiya da jikokinta, lokacin da ba sauran wanda ya san da wace irin murya nake magana.

Safiya ta ɗago ta gan ni, ta yi sauri ta goge hannu a zani za ta kashe. “Yi haƙuri Kaka, na manta ne.”

Na ce, “Bar shi.”

Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna kusa da bokitin, na ajiye tsintsiyar a gefe.

“Ƙaro muryar,” na ce mata. “Kunnena ba ya ji sosai.”